Tantin da Aka Ce Ya Yage a Dutsen Kurciya

Duk wanda ya taɓa ratsa bakin kasuwar Bagudo ya ga Badamasi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke zaune a barandar shagon Alhaji Attahiru, tamfol ya rufe masa gwiwoyi, ƙafarsa tana taka wani tsohon keken ɗinki da fentinsa ya gama gogewa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan barandar. Ba mai yawan magana ba ne, fuskarsa kuma ba ta taimaka masa wajen jawo mai saye, don kullum a murtuke take.

Shagon na mutanen da aikinsu ba ya cikin ɗaki ne: masunta, makiyaya, manoman shinkafa da 'yan kabu-kabu. Akwai takalman ruwa, tocila, igiya, gidan sauro, ƙugiya, jarka da rigunan sanyi na gwanjo. Duk waɗannan ana samunsu a shaguna uku kafin a iso na Alhaji. Abin da ke sa mutum ya wuce ukun nan shi ne tanti da rumfar tamfol da Badamasi ke ɗinkawa. Alhaji ya san haka sarai, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

A Kaoje aka haife shi, a gidan masu gyaran taru. Yana ɗan shekara goma sha huɗu Kwara ta cika ta shigo musu gida, suka kwashe zuwa tudu ba rufi a kansu. Mahaifinsa ya miƙa masa basilla da tarin buhunan shinkafa, ya ce ya haɗa musu abin da za su fake. Ya haɗa, ruwan sama ya zubo ta kowace kafar allura, gidan duka suka jiƙe sharkaf har garin dawarsu. Tun daga ranar ya ƙulla gaba da ɗinkin da ke yoyo. Daga baya ya tafi Lolo, ya yi shekara shida a wurin wani tela cikin Dandawa mai ɗinka wa jiragen ruwa rumfa. A can ya koyi naɗe bakin tamfol sau biyu kafin allura ta hau, da goga kakin zuma a kan layin zare don kafofin su toshe. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa sauran teloli ba sa yi.

Abin da ya tara a duniya bai taka kara ya karya ba. Ɗaki biyu na ƙasa, da matarsa Jummai mai suyar kifi, da 'ya'ya mata uku da duk suka yi aure. Ba gona, ba babur. Abin da yake da shi suna ne. Daga Lafagu har ƙauyukan tsallaken iyaka, in aka ce abu ɗinkin Badamasi ne, ba a ƙara juya shi a duba. Da wannan sunan yake shiga cikin mutane kansa a sama, kuma shi kaɗai yake jin zai bari in ya mutu.

Sai ga Sufyan. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, ya dawo daga Birnin Kebbi da takardar difloma, da waya mai ido uku, da baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a cikin shago. Shekararsa talatin da ɗaya, bai san bambancin zaren taru da na tamfol ba, amma wata biyu da zuwansa ya gano cewa shekara ashirin ana tafiyar da shagon ba daidai ba. Ya samu mataimaki a wurin Bunyaminu, abokin aikinsa na kan kanta, mutumin da ke fara dariya tun kafin Sufyan ya gama ba da labari.

Da sanyi ya kama, Sufyan ya zo da shawara. Wai a ƙasashen da suka ci gaba, masu irin wannan shago ba sa zama jiran mai saye. Hawa duwatsu suke yi da kayan shagon, su ɗauki bidiyo, duniya ta gani. Alhaji ya ji kalmar duniya, ya yi na'am.

To, a nan ya kamata a faɗi gaskiya. Sufyan da Bunyaminu 'ya'yan fadama ne gaba da baya. Abu mafi tsawo da suka taɓa hawa shi ne lodin shinkafa a kan tirela. Hawansu na farko wani tudu ne a bayan Lafagu, wanda mata ke hawa da goyo su yo itace su dawo kafin rana ta yi zafi. Su kuwa suka je da rigar sanyi bibbiyu, da takalman ruwa, da igiya ɗaure a ƙugu, ɗaya yana jan ɗaya. A cikin bidiyon ana jin Sufyan yana haki yana cewa sun kusa kaiwa ƙololuwa, a bayansa kuma ga akuya tana kallonsa. Hawa na biyu ma bai fi wannan ba, sai dai sun manta ruwan sha. Amma mutane sun kalla, wasu don dariya, wasu da gaske, kuma an sayi rigunan sanyi.

Nan kansu ya kumbura. Suka ce yanzu sai Dutsen Kurciya, can tsallaken iyaka bayan Tsamiya, a ƙasar Benin, kuma kwana za su yi a samansa. Alhaji ya ce wa Badamasi ya ɗinka tantin da bai taɓa ɗinka irinsa ba. Badamasi bai ga ma'anar mutum ya bar katifarsa ya je ya kwana kan dutse ba, ba kiwo ba, ba farauta ba. Amma aiki aiki ne. Ya zaɓi koren tamfol mai kauri, ya yi kwana tara a kansa, aka rubuta sunan shago da farin fenti a gefe. Sannan ya samo icen ƙirya ya sassaƙa musu turaku goma sha biyu, kowane tsawon kamu ɗaya, masu tsini, irin waɗanda in ka kafa su a lakar Kaoje sai ka nemi mai taya ka cirewa. Ya ɗaure su da guduma a buhu, ya ɗora musu a bayan babur da hannunsa.

Bayan kwana uku suka dawo da leɓuna a fashe, ba tanti.

"Ina tantin?" in ji Badamasi.

"Baba, ɗinkin ga naka bai riƙe ba," in ji Sufyan, yana sauke jaka. "Iska taz zaka, sai munka ji shi ya yage tun daga sama har ƙasa. Iska ta tahi da shi guntu-guntu."

"Guntu-guntu," in ji Bunyaminu.

"Ko ƙyalle ba ku ɗauko ba in gani?"

"Mu da muka ta rayukanmu, Baba, wa ka ta ƙyalle?"

Kafin magariba bidiyon ya shiga wayoyi. Ba a ga tanti yana yagewa a ciki ba. An dai ga shi a tsaye su biyu suna ɗaga yatsu a gabansa, sai kuma aka ga Sufyan shi kaɗai, iska tana kaɗa masa hula, yana bayanin yadda ɗinkin gida ya ci amanarsu, da yadda suka yi kwana biyu a saman dutse ba rufi, sai jarunta da rigunan sanyin shagon Alhaji Attahiru. Bai kira sunan kowa ba. Ba ya buƙata, tunda tela ɗaya ne a barandar.

Abin ya ci Badamasi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi. Ba wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Sai dai mutumin da ya saba karɓar rumfa ya ɗora a kai ya tafi, yanzu sai ya tsuguna ya bi layin zare da farce. A masallaci wani ya dafa shi ya ce tsufa ne, kowa zai je. Shi kuwa yakan zauna ya sake bin kwana taran nan a ransa, layi bayan layi, yana neman inda hannunsa ya kuskure, bai samu ba. Kafin wata ya cika, Alhaji ya yo odar tantuna dila biyu daga Kwatano, irin masu sandunan roba da ake buɗewa kamar lema. Sufyan ya jera uku a barandar, har sai da aka matsa da keken Badamasi kusa da kwata.

Da sanyi ya wuce, Alhaji ya ce a zauna a yi bitar abin da aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma a filin bayan shago, aka kawo gasasshen giwan ruwa da shayi. Su huɗu ne kawai. Sufyan ya jingina wayarsa da jarka don ta ɗauki zaman, ya gyara tabarau, ya fara.

Badamasi ya lura cewa dutsen ya ƙara tsawo tun dawowarsu. A watan jiya awa uku suka yi suna hawa, yau awa bakwai. Sanyin da a da ya fasa musu leɓe, yau ya daskarar da ruwa a gora. Har kura ta samu shiga labarin, wadda a da ba ta ciki. Bunyaminu ya ce shi ya fara ganin idonta. Alhaji yana cire ƙaya daga kifi yana gyaɗa kai, yana jin daɗin cewa jininsa ne ya yi wannan aiki.

"Shekara mai zuwa," in ji Sufyan, "da tantin Kwatano za mu. Ba don komi ba, Baba, kak ka ji haushi. Zamani na."

Badamasi ya ajiye kofin shayinsa bai sha ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofar shago. Bunyaminu ya leƙa, ya dawo fuskarsa ta canza. A bayansa ga wani dogon Bafulatani da malafa, ya rungumo wani ƙunshi kore. Ya gaida Alhaji, ya ce sunansa Manu, rugarsu tana gindin Dutsen Kurciya. Da ya ga Sufyan sai ya washe baki.

"A'a, baƙina. Kun iso gida lahiya? Ya ƙahwar taka?"

Sufyan ya miƙa hannu ya kife wayar.

Manu ya warware ƙunshin a tsakar filin. Koren tamfol ne, rana ta ɗan ci launinsa, ga sunan shago da farin fenti. Badamasi ya tashi ba tare da ya san ya tashi ba. Ya tsuguna, ya kama layin sama, ya bi shi da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya juya ya bi na gefe, ya bi na ƙofa. Ko zare ɗaya bai tashi ba.

"Ina ka same shi?" ya tambaya.

"Bisa wata tsamiya, ƙasan dutse. Kwana goma bayan sun tahi. Na jira masu shi, ba su komo ba. Wata biyu muna kwana ciki, raɓa ba ta shiga. Wani ɗan boko a Tsamiya yak karanta min rubutun, shi na niz zaka. In naku na, ga shi. Amma ina son a ɗinka min irinai, da ni da yayana."

Alhaji ya ce, "Sun ce yagewa yay yi."

Manu ya yi dariya, irin ta mutumin da bai san ya taka wuta ba. Ya ce yana kiwo a gefen dutsen ya ji ana ta buga abu tun azahar. Ya hau ya iske mutum biyu suna dukan turakun ice a kan falalen dutse, gumi yana zuba. Turke ya tsage, su ɗauko wani. Ya gaya musu nan ba a kafa turke, duwatsu ake tarawa a ɗaure igiya a jikinsu. Mai tabarau ya ce masa sun yi karatun abin. Daga ƙarshe suka cusa tsinin turakun a tsagar dutse, ko gaɓar yatsa ba su shiga ba, suka tsaya suka ɗauki hoto. Da la'asar iska ta taso, ta ɗaga tantin ɗungurungum, da igiyoyi da turaku suna reto, ta wuce da shi. Su kuwa suka gangaro da gudu har ɗaya ya gurɗe ƙafa. A rugarsa suka yi kwana biyun, matarsa tana dama musu fura.

"Kura hwa?" in ji Badamasi. Shi ne karo na farko da ya yi wa wani ba'a a shagon nan.

"Wace kura? Karena dai ya yi musu haushi."

Bunyaminu ya sa ido a kan ƙayar kifi kamar zai ƙirga ta. Sufyan ya cire tabarau, abin da ba a taɓa gani ba, ya shiga goge shi da bakin riga. Badamasi ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, nauyin wata biyu ya tafi. Ya juya ya kalli Alhaji, yana jiran kalma ɗaya.

Alhaji Attahiru bai tara dukiya da wauta ba. Ya wanke hannu a nitse, ya yi wa Manu godiya mai yawa, ya sa Bunyaminu ya ɗauko tantin Kwatano guda biyu sababbi a leda, ya ce kyauta ce, ɗaya nasa ɗaya na yayansa. Manu ya murza yadin tsakanin yatsu, ya kalli koren da ke ƙasa, ya buɗe baki zai yi magana. Amma an riga an ɗora masa kyauta a hannu, an haɗa da ragowar kifi, ana raka shi ƙofa ana sa masa albarka. Mutum mai kunya ne, ya hau babur ɗin da ya kawo shi ya tafi.

Alhaji ya dawo, ya kora samarin biyu cikin shago, ya zauna kusa da Badamasi.

"Malam Badamasi, wa yas sassaƙa turakun ga?"

"Ni na."

"Ka san kan dutse za su?"

Badamasi ya sani. Kawai dai a duk rayuwarsa bai taɓa ganin ƙasar da ta ƙi turke ba, kuma ko sau ɗaya abin bai zo masa a rai ba. Shi ma ɗan fadama ne.

"To ka gani," in ji Alhaji. "Kowa da nashi. Yaran ga sun yi ƙarya, na ji, zan yi musu hwaɗa. Amma in maganar ga ta hita, ba su kaɗai za a yi ma dariya ba, har ni. Ga dila biyu na kaya a ƙasa. Barandar ga taka ta, ba mai tashe ka muddin ina raye, gobe ma za a maida kekenka wurinai." Ya ɗora tafin hannunsa a kan koren tamfol, a daidai layin da Badamasi ya gama bi da yatsa. "Amma tantin ga ya yage."

"Alhaji, ga shi gabanka."

"Na gane shi. Ya yage."

Da hannunsa Alhaji ya naɗe shi, ya cusa a buhun shinkafa, ya sa aka ɗora can saman kanta bayan jarkoki.

Washegari da safe Badamasi ya ba Jummai labari tana gyaran kifi. Ta ajiye wuƙar ta ce ya je ya ɗauko kekensa ya dawo da shi zaure, ya kuma tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi abin da ya gani. Ya tambaye ta wa zai yarda, tunda shaidar tana cikin buhu, mai shaidar kuma yana wata ƙasa. Ya tambaye ta wa zai biyo lungunsu da tamfol a kai, alhali tamfol ɗin ma a shagon Alhaji ake saye. Shekararsa hamsin da takwas, idonsa ya fara neman gilashi kafin ya zura zare. Jummai ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da aikinta, shi kuma ya sa hula ya tafi shago.

Alhaji ya cika alkawari. An mayar da keken inuwa, an kwashe tantunan Kwatano zuwa ɗaya gefen. Sufyan ya yi kwana uku yana gaida Badamasi har da rusunawa, a na huɗu tabarau ya koma fuska. Bidiyon bitar ya fita da kurarsa da komai, an yanke shi daidai inda aka yi sallama.

Ranar kasuwa wani manomin shinkafa daga Lafagu ya zo, mutumin da Badamasi ya ɗinka wa mahaifinsa rumfa tun yana yaro. Ya sayi tamfol, ya ce a haɗa masa abin rufe shinkafa kafin damina. Badamasi ya naɗe, ya ɗinka, ya goga kaki, ya miƙa masa. Mutumin ya juya shi, ya sosa ƙeya.

"Baba, don Allah kak ka ga raini. Ka ƙara bi nai sau guda. Kada a yi irin ta dutse."

Daga inda yake zaune Badamasi yana hango bakin buhun a saman kanta. Alhaji yana ƙarƙashinsa a kujera, yana jan carbi, idonsa a kan titi. Badamasi ya so ya faɗi gaskiyar, ya fasa, ya ji kunyar kansa fiye da yadda ya taɓa jin kunyar wani. Ya san layi na biyu ba abin da zai ƙara sai sababbin kafofin da ruwa zai bi.

"To," ya ce.

Ya karɓi tamfol ɗin, ya sa shi ƙarƙashin allura, ya taka keken.